Tsutsar Alharini da Abin da Binciken Masana Ya Gano

Tun kafin zuwan Turawa, maɗinkan Kano da Zariya sun san zaren tsamiya, wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Wannan zare ba na auduga ba ne. Wata tsutsar daji ce, wadda masana ke kira Anafe, take saƙa shi. Abincinta ganyen itatuwa ne irin su tsamiya da doka, waɗanda ake samu a dazuzzukan ƙasar Muri, kewayen Jalingo.

Yadda Zaren Yake

Alharinin da ake saye a kasuwa na wata tsutsar gida ce, wadda mutanen Sin suka fara kiwo shekaru dubbai da suka wuce. Ganyen itacen malberi take ci. Takan yi saɓa sau 4 cikin kimanin wata guda, sa'an nan ta naɗe kanta da zare ɗaya tilo, wanda tsawonsa kan kai mita 900.

Bincike ya nuna cewa abu biyu ne suka haɗu suka zama wannan zare. Na farko shi ne fibroyin, watau ainihin silin mai ƙarfi da sheƙi. Na biyu shi ne serisin, wani ƙaro da ke manne silin. Wannan ne ya sa mata masu kaɗi suke dafa gidan tsutsar tsamiya cikin ruwan toka: tokar ce ke narkar da ƙaron. Amma da yake tsutsotsin daji taruwa suke yi su saƙa gida ɗaya, zarensu a harɗe yake, ba ya warwaruwa. Sai dai a kaɗa shi da mazari kamar auduga.

A shekarar 2004 masanan Sin da na Japan suka bayyana tsarin ƙwayoyin gadon tsutsar gida, a 2008 kuma suka haɗa sakamakonsu wuri guda. Da wannan ilmi ne ake zaɓen irin da ke jure zafi da cuta. Batun zafi kuwa ya shafi Taraba ƙwarai, domin tsutsar ta fi son awon zafi 24 zuwa 28, alhali kuwa bazarar Jalingo takan wuce haka nesa. Tsaunin Mambila, inda ake noman shayi, ya fi kusa da bukatarta.

Gargaɗi Game da Cin Tsutsar

A yankin Ijesha na Jihar Oshun, an daɗe ana fama da wata cutar karkarwa da ke zuwa da damina. A 1993 wani likita ɗan Nijeriya, Bola Adamolekun, ya danganta ta da cin wani nau'in Anafe da ake gasawa. A 2000 aka tabbatar cewa jikin tsutsar yana ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, wanda kuma ke jure zafin wuta. Wanda abincinsa yawanci rogo ne, shi ya fi shiga hatsari. Duk wanda ya ga alamar karkarwa bayan cin tsutsa, a hanzarta kai shi asibiti, gama akwai magani.

Matsayin Injuna

Silin alharini ya fi gashin kai siranta. Injin warwara da ke girgiza ko tsayawa ba zato, tsinka shi zai yi, wahalar wata guda ta tafi a banza. Saboda haka injiniyoyi ke lissafa sa'o'in da inji ke yi yana aiki tsakanin lalacewa da lalacewa, don a san ɓangaren da za a sake tun bai mutu ba. Ingancin ɓangarorin kuma ya dogara ga injunan da suka sassaƙa su, irin waɗanda aka kafa masana'antar Oshogbo dominsu a 1980, da haɗin gwiwar ƙasar Indiya.

Abin da Ake Bukata Daga Jama'a

In babu itace, babu tsutsa. Ana roƙon manoma da mafarauta su daina ƙunar daji barkatai, masu gawayi kuma su sassauta wa doka da tsamiya. Mai tsintar gidan tsutsa ya bar waɗansu a bishiya don iri. Ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a Jalingo a 2008, suna da fagen bincike a ƙofar gida, tun tsofaffin da suka san kaɗin tsamiya suna raye.