Ko Ka Sani? Wuƙar Sojan Suwizalan da Nauyin Jakar Matafiyi

A Turai da Amurka akwai mutanen da ke ɗaukar jaka a baya su shiga daji da duwatsu a ƙasa, su yi makonni ko watanni suna tafiya, ba jaki ba raƙumi. Abinci, ruwa, makwanci, tukunya, duk a gadon bayansu suke. Kafin su fita, da yawansu kan zauna da ƙaramin sikeli irin na kicin, suna ɗora kayansu ɗaya bayan ɗaya suna rubuta nauyin kowane. Har akwai masu gutsure mariƙin buroshin goge baki don rage 'yan giram. Wanda bai taɓa hawan tudu da kaya ba zai ɗauka ƙaƙale ne, amma abin da ba ka ji nauyinsa da hantsi ba, da la'asar shi zai riƙa cin kafaɗarka. Masu tsananin son sauƙi a cikinsu na ƙoƙari kada kayansu, ban da abinci da ruwa, su wuce kilo huɗu da rabi. Tambayar da suke yi wa kowane abu kafin ya shiga jaka ita ce: aiki nawa kake yi? Kuma babu abin da ya shahara wajen amsa wannan tambaya kamar jar wuƙar nan mai naɗewa, mai tambarin farin kuros, wadda ake kira wuƙar sojan Suwizalan.

Ko ka san cewa farkon waɗannan wuƙaƙe ba a Suwizalan aka ƙera su ba? A ƙarshen shekarun 1880 rundunar sojan ƙasar ta sami sabuwar bindiga, Schmidt-Rubin, wadda ba ta kwancewa don gogewa sai da sukuddireba. A daidai lokacin kuma abincin gwangwani ya shiga guzurin soja. Maimakon a ba kowane soja wuƙa daban, sukuddireba daban, mabuɗin gwangwani daban, sai aka nemi abu ɗaya da zai haɗe su. Samfurin 1890 ke nan: kaifi ɗaya, basilla, mabuɗin gwangwani da sukuddireba, cikin mariƙi na baƙin katako. Babu masana'antar cikin gida da ta iya samar da adadin da ake so, don haka guda 15,000 na farko daga wani kamfani na birnin Solingen a Jamus suka zo, a 1891.

Wani maƙerin wuƙa mai suna Karl Elsener, wanda ya buɗe maƙerarsa a ƙauyen Ibach a 1884, shi ya ɗaura ɗamarar dawo da aikin gida, kuma kafin shekarar 1891 ta ƙare ya fara kai wa soja nasa. Ya sha asara a farkon lamarin, domin na Jamus sun fi nasa araha. Abin da ya fitar da shi kunya ya zo ne ranar 12 ga Yuni, 1897, lokacin da ya yi rajistar wata sabuwar wuƙa ta hafsoshi da 'yan wasanni.

A nan ya kamata mu tsaya, don nan ne hikimar take. Ɗauki wuƙar ka juya bayanta. Za ka ga siraran ƙarafa a jere, a kwance tsawon mariƙin. Sifirin ne, ko da yake ba murɗaɗɗe ba ne irin na gado. Miƙaƙƙen ƙarfe ne mai ɗan lanƙwasa ya koma. Sa farcen babban yatsanka a 'yar tsagar da ke jikin kaifin ka ja. Da farko zai yi maka gardama, domin gindin kaifin yana tura sifirin waje. Da ya wuce rabin hanya sai ka ji ya saki, ya ƙarasa da kansa, ya ce ƙas! Sifirin ya koma mazauninsa ya danne gindin, kaifi ya tsaya cak. Shi ne kuma ke riƙe shi a rufe don kada ya buɗe a aljihu ya yanke ka. A tsofaffin wuƙaƙe kayan aikin duk gefe ɗaya suke. Elsener ya tsara yadda sifirin guda zai riƙe kayan aiki ta ciki da ta bayan mariƙi, ta haka ya ƙara ƙaramin kaifi da abin zare toshiyar kwalba ba tare da wuƙar ta yi wani kauri ba.

Ka lura da inda sauƙin ya fito. A yawancin kayan aikin hannu, bakin da ke yin aikin ɗan ƙarami ne, mariƙi ne ke cinye nauyi da wuri. Sukuddireba kusan dukansa mariƙi ne da sanda, aikin kuwa a ɗan tsinin nan yake. To idan kayan aiki goma suka yi tarayya a mariƙi ɗaya, an zubar da mariƙi tara ke nan. Ba su tsaya nan ba, kowane baki ma sun ɗora masa aiki biyu ko uku. Mabuɗin kwalba, tsininsa babban sukuddireba ne, a gindinsa kuma akwai 'yar tsaga ta feɗe wayar lantarki. Mabuɗin gwangwani, tsininsa ƙaramin sukuddireba ne. Basillar tana da kafa, sai ka zura zare ka ɗinke maɗaurin jaka idan ya tsinke a hanya. Tsakanin sahu da sahu akwai siraran faranti da ke raba su, waɗanda tun 1951 ake yi da alminiyam don rage nauyi. Samfurin Spartan mai tsawon milimita 91 yana ayyuka 12, nauyinsa kuma kusan giram 60 ne, wato kamar ƙwan kaza babba guda.

Sunan kamfanin ma haɗi ne. Mahaifiyar Elsener, Victoria, ta rasu a 1909, sai ya sa wa kayansa sunanta. A 1921, da aka shiga amfani da ƙarfe mara tsatsa, wanda ake kira inox, aka haɗa biyun suka zama Victorinox. Akwai kuma kishiya, kamfanin Wenger na yankin masu jin Faransanci, kuma daga 1908 gwamnati ta raba kwangilar soja biyu a tsakaninsu, har zuwa 2005 da Victorinox ya saye Wenger. Sunan da duniya ta san wuƙar da shi kuwa sojojin Amurka ne suka raɗa mata bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kalmar Jamusanci ta Offiziersmesser ta gagari harshensu. Ta je har sararin samaniya: a 1995 ɗan sama jannatin Kanada Chris Hadfield ya yi amfani da ita wajen buɗe ƙofar shiga tashar Mir ta Rasha, wadda aka ɗaure tamau.

Sai dai kwaɗayin ƙari yana da iyaka, kuma kamfanin Wenger da kansa ya nuna inda iyakar take. A 2006 ya fitar da wata mai suna Giant, mai kayan aiki 87 da ayyuka 141, ta shiga kundin bajinta na Guinness. Nauyinta ya haura kilo guda, faɗinta ya fi tafin hannu nesa ba kusa ba. Abin kallo ce da ajiya, babu mai fere dankali da ita. Ko SwissChamp mai ayyuka 33, wadda ke shiga aljihu, ta kai giram 185, kuma a ganina ta yi wa mai tafiyar ƙasa yawa. Me zai yi da abin kankare ɓawon kifi a kan dutsen da babu ko tafki? Duk bakin da ba ka buɗe ba har ka dawo gida, dakonsa kawai ka yi.

Shi ya sa idan ka leƙa jakar waɗanda suka daɗe a wannan harka, sau da yawa ƙaramar cikin wuƙaƙen za ka gani, Classic, mai tsawon milimita 58 da nauyin giram 21. Ɗan kaifi, almakashi, magagarin farce mai tsinin sukuddireba, hantsaki, tsinken sakace. Kuma almakashin nan ya fi kaifin shan aiki: da shi ake yanka filasta idan takalmi ya tayar da bororo, da shi ake rage farcen ƙafa kafin gangara ta sa ya riƙa dukan bakin takalmi, da shi ake buɗe ledar abinci. Hantsakin kuma, ranar da ƙaya ta karye a tafin hannu ko kaska ta maƙale a ƙwauri, ba abin da zai maye gurbinsa.

Akwai abin da wuƙar ba ta iyawa, kuma gara a sani tun a gida. Taura biyu ba ta taunuwa: ba za ka riƙe abu da wani bakinta kana murɗa shi da wani ba. Yawancin samfuranta kaifinsu ba ya kullewa, sifirin kaɗai ke riƙe shi, don haka idan ka danna ta baya zai iya rufewa a kan yatsunka. Ba ta da ƙarfin filaya sosai, wanda shi ne giɓin da Ba'amurke Tim Leatherman ya gani a 1975 yana fama da tsohuwar mota ƙirar Fiat a yawon Turai, har ya kai ga fitar da nasa kayan aikin mai filaya a tsakiya a 1983. Idan kuma ta ɓace, komai ya tafi lokaci guda, shi ya sa ake ɗaure ta da igiya a jikin jaka. Mai hawa jirgin sama kuma ya sa ta a kayan awo. Tun bayan harin 11 ga Satumba, 2001 aka tsaurara dokar shiga da wuƙa, abin da ya zabge cinikin Victorinox da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Wannan tunani bai tsaya kan wuƙa ba, ya ratsa jakar gaba ɗaya. Sandunan dogarawa da rana su ne ginshiƙan tanti da dare. Tukunya ita ce kwano, ita ce kofi. Rigar ruwa mai faɗi ana ɗaure ta tsakanin itatuwa ta zama rumfa, rigar sanyi a cusa ta a jaka ta zama matashi. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ga zane ɗaya ya yi goyo, ya yi gammo, ya yi shimfiɗa a tasha, ya ƙulle kaya, ya san zancen.

Wadda ta fi burge ni a cikin waɗannan matafiya ita ce Emma Gatewood, wata dattijuwa daga jihar Ohayo, uwar 'ya'ya 11. A 1955, tana da shekara 67, ta kama hanyar duwatsun Appalachian mai tsawon fiye da kilomita 3,000, daga Jojiya zuwa Maine, ita kaɗai. Ba ta da tanti, ba ta da jakar barci. Buhun da ta ɗinka da hannunta ta rataya a kafaɗa, a ciki akwai bargon soja da labulen banɗaki na leda, wanda take fakewa a ƙarƙashinsa idan ruwa ya sauko, a ƙafarta kuma takalmin kambas. Ta tashi a farkon watan Mayu, ta hau ƙololuwar dutsen Katahdin a ƙarshen Satumba, bayan kwana 146.