Taswirar Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa: Yadda Ake Zaɓen Hanyar Ƙiyasi

Ba a ganin ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ta bakin rijiya. Mai bincike yakan zura igiyar awo cikin rijiya ko burtsatse, ya rubuta inda ruwa ya tsaya. Rijiyoyin awo kuwa ƙalilan ne, ƙasa kuma faɗi gare ta. Matakin ruwa a filin da ke tsakanin wannan rijiya da waccan sai an ƙiyasta shi, kuma hanyoyin ƙiyasin sun sha bamban.

Mafi sauƙinsu ita ce ta Alfred Thiessen, masanin yanayi ɗan Amurka, wanda ya fito da ita a 1911 domin lissafin ruwan sama. Ana yanka fili gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta ɗauki awon rijiyar da ta fi kusa da ita. Aibinta shi ne taswirar takan fito hawa-hawa, alhali matakin ruwa a hankali yake sauka.

Ta biyu, wadda aka fi sani da IDW, tana haɗa awon rijiyoyin da ke kewaye, na kusa ya fi na nesa nauyi. Ba ta da wuyar aiki, tana kuma amfani ko da rijiyoyin ba su da yawa. Sai dai takan zana zobe a kewayen kowace rijiya, kuma ba ta taɓa ba da ƙiyasin da ya haura awo mafi girma ko ya gaza mafi ƙanƙanta.

Ta uku ita ce kirigin, wadda ta samo suna daga Danie Krige, injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu da ya yi nazarin ƙiyasta zinariya a 1951. Bafaranshe Georges Matheron ne ya shimfiɗa mata tushen lissafi a shekarun 1960. Ita tana fara duba yadda bambancin awo yake ƙaruwa da nisa, sannan ta raba nauyi gwargwadon abin da ta gano. Babban alfanunta shi ne tana fitar da taswira ta biyu mai nuna inda ƙiyasin ya yi rauni, wato inda ya kamata a haƙa sabuwar rijiyar awo. Amma tana son rijiyoyi masu yawa. Da goma ko sha biyar ba za ta tsaya da ƙafarta ba.

Yanayin ƙasar ma yana da ta cewa. A kwarin Tafkin Chadi da na Sakkwato ruwa yana kwance cikin yashi mai faɗi, saboda haka awon wannan rijiya yana haska na maƙwabciyarta. A yawancin ƙasar Kano da Zariya kuwa, dutse ne a ƙasa, ruwa yana maƙale cikin tsagoginsa da ɓurɓushinsa, har burtsatse biyu masu kusanci su saɓa ƙwarai. Can dole a yi taka-tsantsan da kowace hanya. A Maiduguri kuma makwancin ruwa hawa uku ne, na sama da na tsakiya da na ƙasa. Wanda ya cakuɗa awonsu a taswira ɗaya ya zana abin da babu shi.

Haka nan wajibi ne a yi awo a lokaci guda, kada a haɗa na damina da na rani, kuma ba sa'ad da inji yake jan ruwa ba. Domin sanin inda ruwa yake gangarawa, ana cire zurfin ruwan daga tsayin bakin rijiya bisa matakin teku.

Gwaji ne ke yanke hukunci. A ɓoye awon rijiya ɗaya, a ƙiyasta shi da sauran, a gwama da na gaskiya, a bi rijiyoyin haka ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da kuskurenta ya fi ƙanƙanta ita ce abin riƙo, muddin taswirarta ta dace da koguna da tudun yankin. Manhajoji irin su QGIS da ArcGIS suna fitar da taswira mai launi cikin daƙiƙoƙi, to amma da ita hukuma za ta zaɓi inda za ta haƙa burtsatse, kuma kuskure kaɗan yana iya barin ƙauye da rami busasshe bayan an kashe kuɗin jama'a.