Kallon Farko na Fim Ɗin The Godfather

Fim ɗin The Godfather, wanda Francis Ford Coppola ya ba da umarninsa aka fitar da shi a 1972 bisa littafin da Mario Puzo ya wallafa a 1969, yana ba da labarin gidan Corleone, iyalin 'yan asalin tsibirin Sisili da ke Italiya waɗanda suka kafu a birnin New York suna tafiyar da caca da sayen alƙalai da 'yan siyasa. Irin wannan ƙungiya ta asiri, wadda jini da rantsuwar rufe baki suka ɗaure 'ya'yanta, ita ake kira Mafiya, kodayake an cire kalmar daga fim ɗin saboda matsin lambar wata ƙungiyar Amurkawa 'yan asalin Italiya. Sunan fim ɗin kansa yana nufin mutumin da ke tsaya wa jariri a wajen baftisma a ɗariƙar Katolika, amma a nan ma'anarsa ta fi kusa da ubangida, wanda ake fakewa a inuwarsa a kuma biya da biyayya.

Mai kallon farko, musamman wanda ya saba da finafinan da ake buɗewa da ƙarar bindiga, yakan ƙosa, domin fim ne mai kusan awa uku da ya fara da dogon bikin aure. Sai dai a wannan biki aka shimfiɗa komai: a waje ana rawa cikin hasken rana, a ciki kuwa uban gidan, Vito Corleone, wanda Marlon Brando ya fito a matsayinsa, yana zaune a ɗaki mai duhu yana shafa kyanwa, yana sauraron wani mai sana'ar shirya gawa da ya zo neman ramuwa a kan samarin da suka ci zarafin 'yarsa bayan kotu ta sake su. Wannan duhu da gangan mai ɗaukar hoto Gordon Willis ya yi shi, har idanun Brando kan ɓace a inuwa. Wanda ya ga fim ɗin Indiya mai suna Sarkar na 2005, inda Amitabh Bachchan ya fito, zai gane daga inda aka ɗebo ruwan.

Wanda ya kamata a zuba wa ido shi ne ƙaramin ɗan Vito, Michael, wato Al Pacino, da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu sanye da kakin soja yana nesanta kansa da harkar gidansu, har ranar da aka harbi mahaifinsa saboda ya ƙi shiga cinikin ƙwaya. Gwanintar fim ɗin, wadda kuma ita ce haɗarinsa, tana cikin yadda yake sa mai kallo ya goyi bayan Michael a kowane mataki, tun da kowane kisa yana zuwa da uzurin kare dangi, ta yadda sai can ƙarshe, lokacin da yake tsaye a coci yana barranta da Shaiɗan a baftismar ɗan 'yar'uwarsa alhali yaransa na karkashe abokan gaba, mai kallo ke farga da wanda ya daɗe yana tausaya wa. Fim ɗin ya ci lambar Oscar uku, har da ta gwarzon fim da ta gwarzon jarumi, wadda Brando ya ƙi karɓa.