Farin Da Ya Bar Sawu A Tarihin Sarakuna

Duk manomin da ke bayan ganuwar Bauchi yana da ra'ayi kan ko damina ta canza hali. Mai tsara manufa a Abuja kuwa hujja yake bukata, ga shi kuma ma'aunin ruwan sama bai zauna a Arewa ba sai bayan zuwan Turawa a 1903. Shekara ɗari da 'yan kai ba su isa a gane halin sararin samaniya ba. Wannan ya sa masana suka koma ga tsofaffin takardu.

Bauchi ba ta da dogon kundi irin na maƙwabtanta. Malam Yakubu ya kafa birnin a wajajen 1809, bayanan matafiya irin su Eduard Vogel, wanda ya iso a 1855, sun zo daga baya. Don haka mai neman yanayin ƙarni na 15 da na 16 sai ya leƙa Kano, Borno da Tambutu.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci yunwar shekara 11 a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618. Nan aikin yake da wuya. Marubucin bai ce ruwa ya ɗauke ba. A zamanin nan ne Kwararrafa suka afka wa Kano, Katsinawa kuma suna kai hari. Yunwar fari ce, ko ta yaƙin da ya hana noma? Ga kuma matsalar lissafi: shekarun an ƙirga su ne daga tsawon mulkin sarakuna, kuskure ɗaya sai ya ja na bayansa.

Saboda haka ba a karɓar shaida ɗaya. Sharon Nicholson, masaniyar yanayi daga Amurka, ta jera labaran yunwa na Borno kusa da na Tambutu, inda Abdurrahman Assa'adi ya rubuta ambaliyar kogin Kwara da shekarun tsadar hatsi, sannan ta gwama su da hawa da saukar tafkin Chadi. Ta gano cewa daga ƙarni na 16 zuwa na 18 yankin ya fi yau samun ruwa, amma da munanan fari a tsakani, musamman wajajen 1680 da kuma 1738 zuwa 1756. Wato ko a zamanin yalwa, fari kan shekara goma bai sassauta ba, abin da ya kamata mai ƙiyasta girman rumbun gwamnati ya sani.

Rabon Bauchi a wannan aiki yana nan bai taɓu sosai ba. Malamai kan rubuta shekarar fāra ko ta yunwa a gefen littafi, wasiƙun fada kan ambaci hatsi, rahotannin lardin Bauchi kuma suna Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Gara da ɗigar rufi ba sa jiran kasafin kuɗi, kuma akasarin littattafan malaman suna hannun iyalai, kwafi ɗaya tak.