Iyakar Girman Fayil a kan Uwar Garke Mai Tsaro, da Hanyar Gano Inda Ta Ke

Sau da yawa malami ya kan ɗauki hoton wani tsohon rubutun ajami, ko muryar wani dattijo mai ba da tarihi, ya nufi ɗora shi a ma'ajiyar jami'a ta intanet, sai na'ura ta yi ta juyi, daga bisani ta mayar masa da lamba 413, ko kuwa ta yi shiru kamar an shuka dusa. Galibi a kan ɗora laifin a kan raunin layi. To, sau da yawa layin lafiya lau ya ke, wata iyaka ce aka gitta a hanya. Abin kuwa ba na wasa ba ne, gama aikin da ya ƙi hawa ya kan zauna a kwamfutar mutum ɗaya, ran da ta lalace ko aka sace ta, shi ke nan, dattijon kuma wataƙila ya riga ya kwanta dama.

Na'urar da ke karɓar fayil ta ajiye, wadansu na kiranta sabar, wadansu uwar garke. Suna na biyu ya fi dacewa da kunnen Bahaushe, shi za a riƙe a nan. Ana cewa tana da tsaro idan zancen da ke tsakaninta da burauza a kulle ya ke, watau adireshinta ya fara da https. Kamfanin Netscape ya fito da wannan kulli a 1995 da sunan SSL, aka gyara shi a 1999 ya koma TLS.

Ya kamata a fara da sanin nauyin kayan. Shafi guda na takarda A4, in an ɗauke shi da launi a ɗigo 300 cikin kowane inci, ba a matse shi ba, ya kai megabayit 26. Murya kuwa, in an ɗauke ta da ingancin faifan CD, minti ɗaya ya ɗara megabayit 10, watau hirar sa'a guda ta haura 600. Iyakokin da a ke tararwa a uwar garke an yanka su ne domin cika fom da ƙananan hotuna, ba a yi su da tunanin irin wannan kaya ba.

Fayil ba ya shiga ta ƙofa ɗaya. Kamar mai shiga gidan sarauta ne da kaya a ka: sai ya wuce zaure, ya wuce shigifa, kana ya kai cikin gida, kowace ƙofa da faɗinta da mai tsaronta, wadda ta fi ƙunci kuma ita ke yanke hukunci. Ƙofar farko sau da yawa Nginx ce, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004. Dokarta mai suna client_max_body_size megabayit 1 kacal ta ke bari in ba a taɓa ta ba. Apache, wadda ta girme ta da shekara tara, tana da LimitRequestBody. Da can ba ta da iyaka ko kaɗan, amma tun fitowar 2.4.54 a 2022 aka sa mata gigabayit 1. IIS ta Microsoft ta kan tsaya a bayit 30,000,000, ita kuma lambar da tsofaffin fitowarta su ke rubutawa a kundinsu 404.13 ce, abin da kan sa mutum ya zaci shafin ne ya ɓace. Idan an sa Cloudflare a gaba, tsarinta na kyauta ba ya wuce megabayit 100.

Can cikin gida akwai PHP, harshen da aka rubuta Moodle da Open Journal Systems da shi. Yana da iyaka biyu: upload_max_filesize, megabayit 2 ga kowane fayil, da post_max_size, megabayit 8 ga dukan abin da aka aiko a tafi ɗaya. Lalle ne ta biyu ta fi ta farko girma, in ba haka ba faɗaɗa ta farkon aikin banza ne. Ta biyun nan kuwa ita ce mai mugun hali, domin in an ƙetare ta, PHP ya kan zubar da fayil da duk abin da aka rubuta a fom, ya miƙa wa manhaja hannu wofi. Mai aikowa sai ya ga shafi ya dawo kamar bai aika kome ba.

Tun da kowace ƙofa na da adadinta, adadin shi ne sawun ɓarawo. Mai bincike ya tanadi fayiloli da ya san girmansu, alal misali kilobayit 40, da 100, da 200, da 900, sa'an nan megabayit 1.5, da 3, da 9, da 35, ya riƙa aikawa ɗaya bayan ɗaya har ya ga inda aka tsaya. In an karɓi 900 aka ƙi 1.5, Nginx ce. In an karɓi 1.5 aka ƙi 3, PHP ne. Sai ya duba kundin kurakurai na uwar garken ya tabbatar, domin can ta ke faɗin gaskiya. Abin da burauza ke nunawa ba abin dogara ba ne, musamman da ya ke Nginx ta kan katse layi tun fayil bai gama tafiya ba, burauza ta ce haɗi ne ya yanke. A kuma tuna cewa manhajar da ke juya fayil zuwa haruffan Base64 kafin ta aika tana ƙara masa kashi ɗaya bisa uku, sabo da haka mai megabayit 6 ya kan iso a matsayin 8.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne a ga fayil ya wuce ta http amma ya ƙi ta https. Dalili na farko mai sauƙi ne. Uwar garke na sauraron zancen fili a tasha ta 80, na kulle a tasha ta 443, kowace kuma da sashenta dabam a takardar saiti. Ma'aikaci ya kan faɗaɗa iyaka a sashen 80 ya mance da na 443, wanda shi ne jama'a ke bi. Maganinsa a rubuta dokar a sashen da ya dace, ko a sama inda za ta hau kan duka biyu, a kuma sake tayar da uwar garken, don ba ta karanta sabon saiti sai an umurce ta.

Dalili na biyu ya fi zurfi, ya kuma cancanci a tsaya a kansa. Kafin burauza da uwar garke su fara zance sai sun yi abin da a ke kira musafaha: uwar garke ta nuna takardar shaidarta, su daidaita a kan mabuɗi. Wadansu ma'aikatu na so baƙo ma ya nuna tasa takardar, amma a wani ɗaki kaɗai, kamar ɗakin ɗora fayil. Matsalar ita ce, lokacin musafaha uwar garke ba ta san ɗakin da baƙo ya nufa ba, gama sunan ɗakin na cikin saƙon da ba ya zuwa sai an gama kullewa. Sa'ad da ta karanta ta ga ɗaki mai tsaro ne, tilas ta nemi a sake musafaha. Amma fa baƙo bai tsaya jira ba, kayansa na nan suna kwararowa a bayan kan saƙon. Uwar garke ba ta da ikon miƙa su ciki tun ba ta san mai su ba, ba ta kuma iya ci gaba da musafaha sai ta kwashe su daga hanya. Sai ta jibge su a zaure, watau cikin ƙwaƙwalwarta, har a gama tambaya. Zauren nan ƙarami ne: a Apache bayit 131,072, watau kilobayit 128, bisa dokar SSLRenegBufferSize, a IIS bayit 49,152, watau kilobayit 48, bisa dokar uploadReadAheadSize. Da ya cika sai 413, ko da an buɗe sauran ƙofofi duka. Wanda fayilinsa na 100 ya wuce na 200 ya ƙi, ko na 40 ya wuce na 100 ya ƙi, ya san inda zai dosa.

Wannan ciwo yana da wata alama mai ruɗarwa, ba kullum ya ke tashi ba. Wanda ya buɗe shafi ya aika nan take ya kan tsira, don an riga an karɓi shaidarsa sa'ad da ya buɗe shafin. Wanda ya zauna yana rubuta sunan marubuci da garin da aka samo littafi har Apache ta mance da shi, abin da ta kan yi bayan daƙiƙa 300 in ba a sāke adadin ba, shi ne zai tarar da ƙofa a rufe. Ashe mai kula da aikinsa shi ya fi shan wuya.

Ana iya faɗaɗa zauren, akasarin ma'aikata ma abin da su ke yi ke nan. Amma wannan magani ne na gaggawa. Duk abin da aka ƙara daga ƙwaƙwalwar na'ura a ke yankarsa, ga kowane baƙo, tun ba a san ko wane ne ba; in an mai da shi megabayit 600 domin hirar sa'a guda, mutum goma masu mugun nufi sun isa su durƙusar da ita. Abin da ya fi shi ne a nemi takardar baƙo tun a musafahar farko, ta hanyar sa SSLVerifyClient a kan gidan gaba ɗaya, ko a ware wa ɗakin ɗora fayil adireshi nasa na kansa.

Sake musafaha dai ba ta yi farin jini ba. A 2009 Marsh Ray da Steve Dispensa suka gano cewa maƙetaci na iya cusa nasa zance a gaban na baƙo ta wannan kafa, aka toshe ta a 2010. HTTP/2 na 2015 ya hana ta a tsakiyar zance, TLS 1.3 na 2018 kuma ya cire ta ɗungum, ya kawo wata hanyar tambayar shaida bayan musafaha wadda ba kowace burauza ke amsa ta ba. Sabo da haka uwar garken da aka sabunta alhali tsohon saitin ɗaki-ɗaki na nan, ta kan bar 413 ta koma ba da 403, watau an hana shiga, maganin kuwa shi ne dai na neman shaida tun daga ƙofar waje.

Idan duk an gyara waɗannan amma babban fayil na mutuwa a tsakiya, ba a kan adadi ɗaya ba, sai a koma ga lokaci. Nginx ta kan jira daƙiƙa 60 tsakanin ɗigon saƙo da na bayansa, in layi ya ɗauke fiye da haka ta ba da 408. A inda wuta da layi ba su da tabbas, gara a nemi manhajar da ke yanka fayil gunduwa-gunduwa, megabayit 5 ko ƙasa, ta aika kowace dabam, in an yanke ta ɗora daga inda ta tsaya.