Lambu a Bayan Gida

Ko da filin bayan gida ƙarami ne, yana iya wadata iyali da kayan miya. Da farko ku zaɓi inda rana ke samu sosai, kusa da ruwa. Ku kewaye shi da danga, gama akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata guda a yini ɗaya.

Sa'an nan ku ja fangali, ku zuba ruɓaɓɓen taki, ku shuka alayyafo da albasa. Tumatir kuwa a yafa irinsa tukuna, bayan mako 4 a dasa shi. Gwanda da zogale su tsaya a jikin danga. Kada ku dasa mangwaro, domin inuwarsa takan hana ƙananan shuke-shuke girma.

Ku riƙa ban ruwa safe da yamma. Wanda ya kiyaye wannan, tukunyarsa ba ta rasa ɗanyen ganye ko da rani.