Tazargaden Ƙasar Sin

Damina lokacin albarka ce a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Masara ta yi kore shar, shinkafa ta cika fadamu, dabbobi sun ƙoshi. Amma kuma ita ce lokacin sauro, gama duk inda ruwa ya kwanta nan yake zuba ƙwansa. Ko da rani ma ba ya rasa wurin haihuwa a inda ake noman ban ruwa, kamar kewayen madatsar Tiga wadda aka gama ginawa a 1974.

Macen wani irin sauro ita ce ke kawo zazzaɓin maleriya. In ta ciji marar lafiya sai ta zuƙo ƙwayoyin cutar tare da jininsa, bayan 'yan kwanaki ta zuba su cikin jinin wani. Ƙwayoyin nan ƙanana ne ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya duka a Nijeriya suke, kuma ta fi yi wa ƙananan yara da mata masu ciki ɓarna.

To, in aka kai yaro asibiti aka ga maleriya ce, maganin da za a ba shi asalinsa ganye ne. Ganyen nan kuwa mutanen ƙasar Sin ne suka fara sanin amfaninsa. Suna kiransa cinhau, mu kuwa mukan ce masa tazargaden Sin, domin ɗan'uwa ne ga tazargaden da ake sayarwa a kasuwanninmu. Sai dai kama da wane ba ta wane. Dangin tazargade sun fi iri 300, kuma ba kowanne ke ɗauke da wannan magani ba.

Tsiro ne na shekara ɗaya, kamar gero ko dawa. In ya sami ƙasa mai kyau yakan fi mutum tsawo. Ganyensa tsage-tsage ne kamar na karas, yana da ƙamshi mai ƙarfi, ga ɗaci. Furanninsa 'yan mitsi-mitsi ne, masu ruwan ɗorawa.

Nomansa yana son haƙuri. Ƙwayar irinsa ƙanƙanuwa ce kamar ta taba, saboda haka akan cakuɗa ta da yashi a yafa a kan fangali mai laushi. Ba a binne ta, gama sai ta ga haske take tsirowa. Ana yayyafa mata ruwa a hankali don kada ya kwashe ta. Bayan kamar mako shida ko takwas sai a cire a dasa a gona, yadda manomanmu ke dashen tumatir da albasa. Akan bar tazarar babban taki guda tsakanin wannan da wancan, a yi noma, a zuba taki.

Tsiron nan ya fi son wuri mai sanyi-sanyi. A ƙasashe masu zafi yakan yi saurin fure tun bai girma ba, sai ganyen ya yi kaɗan. Don haka masana aikin gona suka fitar da irin da ke jinkirin fure. A Afirka an fi noma shi a kan tuddan Kenya da Tanzaniya da Uganda da tsibirin Madagaska. Ana yanke shi gab da zai yi fure, domin a lokacin nan maganin ya fi yawa cikin ganye. Sa'an nan a shanya, a kakkaɓe ganyen daga kara, a ɗura a buhu, a kai ma'aikatar da za ta tatsi maganin. Daga kilo 100 na busasshen ganye mai kyau, abin da ake samu bai wuce kamar kilo 1 ba.

Yadda aka gano maganin kuwa labari ne mai daɗin ji. Fiye da shekara 1,600 da suka wuce, wani masanin magani na ƙasar Sin mai suna Ge Hong ya rubuta cewa mai masassara ya jiƙa ganyen nan cikin ruwa, ya matse, ya sha. Zamani ya yi ta shuɗewa, har aka zo lokacin da kulorokwin, watau maganin da duniya ta dogara da shi, ya fara kasawa a wurare da yawa. A 1967 gwamnatin Sin ta tara masana don su nemo sabon magani. A 1969 aka ɗora wata mace mai suna Tu Yuyu a kan wata ƙungiya daga cikinsu.

Ita da abokan aikinta suka tattara magungunan gargajiya fiye da 2,000, suka shiga gwaji. Da suka dafa tazargaden Sin sai suka ga wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci bai yi ba. Sai Tu Yuyu ta koma ga tsohon littafin nan, ta lura ashe jiƙawa aka ce, ba dafawa ba. Nan ta gane zafin wuta ne ke ɓata maganin. A 1971 ta tatse shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya kuwa kashe ƙwayoyin cutar a jikin ɓeraye da birai. Kafin a ba marasa lafiya, ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu. A 1972 suka ware ainihin maganin, wanda ake kira atimisinin. Saboda wannan aiki aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Atimisinin yana da saurin kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya daɗewa a jiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ake haɗa shi da wani magani mai daɗewa, wanda zai ƙarasa sauran da suka tsira. Wannan haɗi shi ake kira ACT, shi ne kuma Nijeriya ta ɗauka a 2005 a maimakon kulorokwin. Kwana uku ake shansa.

Wani zai ce, me zai hana a dasa ganyen a bayan ɗaki a riƙa jiƙawa ana sha? Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haka. Dalili kuwa shi ne, yawan maganin cikin ganye ba ɗaya ba ne, kuma abin da ruwa ke fitarwa bai isa ya kashe cutar duka ba. Zazzaɓin zai lafa, sa'an nan ya dawo. Ƙwayoyin da suka tsira kuwa sai su saba da maganin, har ya daina yi musu kome, kamar yadda ya faru da kulorokwin.

Saboda haka yaro mai hankali, in ya ji jikinsa ko na ƙanensa ya yi zafi, sai ya gaya wa iyayensa nan da nan, a tafi ɗakin shan magani a gwada jini. In an ba shi magani ya shanye na kwana ukun duka, ko da ya ji sauƙi tun ran farko. Kada ya rage don wata rana, kada kuma ya raba da wani. Da dare ya kwana cikin gidan sauro, da rana ya taimaka a cike kududdufai, a kife fasassun tukwane da gwangwanaye. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ta yaya maleriya ke tashi daga wannan mutum zuwa wancan?
2. Don me ba a binne irin tazargaden Sin?
3. Mene ne Tu Yuyu ta gane daga tsohon littafin?
4. Me ya sa ake haɗa atimisinin da wani magani?
5. Me zai faru in yaro bai shanye maganinsa ba?